Ƙyaure Na Biyu

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina ɗora zane a kan katako, mijina Bitrus yana yankawa. Ya rasu, yau damina takwas ke nan, kuma ban daina kukansa ba. Sunana Saratu, amma a Kafanchan an fi sanina da Maman Ladi. Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa. Abin da ya sa na ce a rubuta, kwanan baya na bi ta layin kafintoci, na ga samari sun fitar da zane daga kwamfuta, sun shafa gam sun manna takardar a kan katako suna yanka ta cikinta. Na tsaya ina kallo. Ɗayansu ya ce, "Mama, ai ɗora zane ba aiki ba ne, yankan ne aiki." Na wuce abina, don akwai kaya a kaina.

Sassaƙar da Bitrus ke yi ba irin ta turmi da taɓarya ba ce. Fuskar katako ake yi wa ado. A soka wuƙa sau uku daga gefe uku, bakinta ya haɗu a ƙasa, sai ɗan guntun itace ya fita. Ramin da ya bari shi ne adon. Irin waɗannan ramuka ɗaruruwa, in sun jeru, su ne ke zama tauraro, ko haƙorin zarto, ko ganyen rogo. Mai yanka layi yake bi. In layin ya kauce, ramin ya kauce, kuma abin da aka ɓantare daga jikin itace ba ya komawa.

Wanda ya koya wa Bitrus aiki shi ne Baba Audu, tsohon kafintan reluwe. Ina amarya nakan kai musu abinci rumfa. Mahaifiyata mai zanen ƙwarya ce, saboda haka hannuna ya saba da raba da'ira tun ina ƙarama. Wata rana Baba Audu ya gan ni ina wasa da tsinken tsintsiya a cikin garin katako. Ya miƙo min guntun katakon malaina da ƙusa da zare, ya ce, "'Yata, raba min da'ira gida shida." Na raba. Ya ce sha biyu. Na raba. Ya juya wajen Bitrus ya ce, "Kai riƙe wuƙarka, ka bar mata fensir. Layinka kamar na mai dawowa daga gidan burkutu." Duk da haka shekara guda cur bai bar ni na taɓa katakon mai aiki ba. Huda takarda kawai nake yi.

Takardar buhun siminti muke amfani da ita, ta tsakiya wadda siminti bai taɓa ba. In aikin babba ne, a haɗa guda uku ko huɗu da kokon rogo. A zana a kai da rula da ƙusa da zare. Sannan a shimfiɗa ta a kan bargo a bi kowane layi da allura, huda kusa da huda. A daka gawayi a tankaɗe a ƙulle a tsumma. In katakon mai duhu ne irin maɗaci, farar toka ake ƙullawa. A kafe takardar da ƙananan ƙusoshi, a bi ta da ƙullin ana ɗan bubbugawa, garin ya riƙa zuba ta hudar. A ɗaga takarda sama tsaye, ba a janta. Abin da zai rage a katako ɗige-ɗige ne, numfashi mai ƙarfi ma yana kwashe su, sai an bi su da fensir kafin su zama layi. Ranar da mura ta kama Bitrus, korarsa nake yi daga rumfa har in gama.

Akwai wani kabad da muka yi wa Alhaji Sale, mai sayen citta a Kachia. Ya ce ba ya son tsuntsu ko wani abu mai rai, muka ce dama ba ma yi. Da ya zo duba aiki sai ya ga akwatin baiko na wata coci, wanda ake tara kuɗin sadaka a ciki, a gefe, da tauraro mai ƙafa shida irin wanda na zana masa.

Ya ce, "Malam Bitrus, wannan tauraron na coci ne?"

Bitrus ya ce, "Alhaji, na Maman Ladi ne."

Ya ce, "To, Maman Ladi, a ƙara wa nawa ƙafa biyu, kada a ce ɗaya ne."

Na mai da shi mai ƙafa takwas. A kan wannan kabad na koyi cewa kafin a ɗora takarda sai an duba yadda zaren itacen ya kwanta. Ƙafar tauraro mai takwas siririya ce, in ta gitta zaren itace tsininta karyewa yake yi a ƙarƙashin wuƙa. Uku suka karye kafin in gane cewa takardar zan ɗan juya. Haka in akwai ƙulli a katako, zanen ake matsarwa ƙullin ya faɗa inda ba za a yanka ba. Takardar da aka manna da gam ta rufe duk wannan, mai yanka ba ya ganin itacen da yake yanka.

Baba Audu yana da doka ɗaya a kan duk abin da ke da ƙyaure biyu. A kwantar da su gefe da gefe, a ɗora wa na farko, a kifa takardar a ɗora wa na biyu, duk a yini ɗaya. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka don kada mutum ya manta da kifa takarda ne.

Shekarar da ta fi mana wuya, abu biyu ne suka haɗu. Ƙofofin ƙarfe suka cika gari, masu gini suka daina neman ta katako. Sannan idon Bitrus ya fara tafiya. A kan wata 'yar kujera na fara lura, na ga ya yanka a gefen layi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce fensirina ne ba ya fita. Na danna da ƙarfi. Na koma biro. Bayan wata uku biron ma bai isa ba. Muka je asibiti, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa. Yana ganin haske da inuwar mutum, shi ke nan.

Kwana goma ya yi bai shiga rumfa ba. Rana ta sha ɗaya na ɗauki basilla, babbar allurar ɗinkin buhu, na wasa bakinta, na bi layin fensir da ita a kan wani guntun malaina ina tsagawa. Na kai masa na ɗora yatsansa a kai. Ya bi tsagar har ƙarshe, ya dawo, ya ce in miƙo masa wuƙa. Daga nan haka muka riƙa aiki: yatsan hagu ya nemo tsaga, bakin wuƙa ya zauna a ciki. Aikin yini ɗaya ya koma na yini uku, amma yankan yana fita tas kamar da. Ban da 'ya'yanmu ba wanda ya sani. Ya sa tabarau, yana gane mutane da murya, in mai aiki ya zo ni nake nuna takarda. Abu ɗaya ne ya canza a wajena. Gawayi ana hure shi, fensir ana goge shi, tsagar basilla kuwa ta zauna.

A cikin wannan hali dattawan ikilisiyar ƙauyensu Bitrus, can bayan Samaru Kataf, suka zo. Sun gina sabuwar coci, suna son babbar ƙofa mai ƙyaure biyu ta maɗaci, a kafa kafin ranar godiyar kaka. Wanda ya jagorance su Dattijo Yakubu ne, sa'an Bitrus, tare suka yi kiwon awaki. Bitrus ya karɓa nan take.

Da suka tafi na ce, "Baban Ladi, ƙofa fa ba kujera ba ce."

Ya ce, "A bayan tsohuwar cocin aka binne babana. In aiki ɗaya ya rage min, wannan ne. Ke dai ki tsaga min."

Na zana jeri goma sha biyu daga sama zuwa ƙasa. A bakin kowane ƙyaure, inda za su haɗu, na sa rabin tauraro a kowane jeri, yadda in an rufe ƙofa rabi zai sami rabinsa. Dattawa suka ga takarda suka ce ya yi.

Sai dai katakon ƙyaure ɗaya suka kawo a watan Maris, busasshe. Na ɗayan, itacen bai daɗe da sarewa ba, sai ya sha iska. Na ce mu jira a ɗora musu tare. Bitrus ya lissafa da yatsu, ya ce yanzu ƙyaure ɗaya wata uku yake cinye masa, in muka jira kaka za ta same mu. Na ga gaskiyarsa. Na ce ai ba zan manta da kifa takarda ba. Na ɗora wa na farko, na naɗe takardar na soke ta a rufin rumfa. Ya gama a farkon Yuli, dattawa suka turo mota aka ɗauke shi, suka jingine shi a cikin coci don jama'a su gani.

Katako na biyu ya iso a Agusta, lokacin da ruwan Kafanchan ba ya ɗaukewa. Na sauko da takarda, na kifa ta, na kafe ta daga sama, na bi ta da tafin hannu zuwa ƙasa ina miƙar da ita. Na buga toka, na ja fensir, na tsaga duka jeri goma sha biyun a kwana uku.

Bitrus ya yanka jeri huɗu. Wata safiya yana share katakon da hannu, sai hannun ya kai can ƙasa ya tsaya.

"Maman Ladi, a ƙasan na farko yatsa nawa kika bari?"

"Huɗu."

"Zo ki sa hannunki."

Na sa. Uku ne. Takardar ta sha danshi wata biyar a rufin rumfa ta ƙara tsawo, musamman wajen da koko ya haɗa ta, ni kuma na ƙara janta da tafin hannu. A sama bambancin bai kai a gani ba, amma yana ƙaruwa jeri bayan jeri. In aka rufe ƙofa, taurarin ƙasa rabi zai wuce rabi da faɗin yatsa. A nan na gane dalilin Baba Audu, shekara ashirin bayan mutuwarsa.

Bitrus ya ce, "Da toka ce kawai, da kin hure."

Na ce, "Da idonka na nan, ai da toka ce kawai."

Wannan maganar ita ce mafi muni da na taɓa faɗa masa, kuma ban sami ranar da na janye ta ba.

Awo na gaskiya yana jikin ƙyauren farko, shi kuma yana ƙauye. Takarda ta riga ta ci amanata. Tef ɗin awo kuwa, ni ban san lamba ba, shi ba ya ganin ta. Na nemi busasshiyar gwangwala mai tsawon ƙofa, na sa wuƙa a jaka, na tafi tasha. Direban ya dubi sandar ya ce, "Mama, a karya ta biyu mana, in kin isa kya ɗaure." Na ce ya karya ƙafarsa biyu, in ya isa ya ɗaure. Mutanen mota suka yi dariya, aka bar min gefen taga, na riƙe ta a waje har Samaru Kataf. Daga nan na hau mashin.

Na tsai da gwangwala a jikin ƙyauren, kanta daidai da kansa, ina yi mata tsaga a tsakiyar kowane rabin tauraro. Ina durƙushe a jeri na goma Dattijo Yakubu ya shigo.

"Matarmu, awon me kike yi? Ba an gama wannan ba?"

"Ɗan'uwansa nake auna wa, Dattijo."

"Me ya hana mai aikin zuwa da kansa?"

"Yana kan aiki."

Ya zauna a benci. Ya ce, "An ce min ƙanwarsa ta wuce ta gabansa a kasuwa bai gane ta ba."

Na ce, "Dubi wannan ƙyauren. Wanda ya yanka shi, shi ne ke yanka ɗayan."

Ya ce, "Ban ƙi ba. Amma in aka rufe ƙofa taurarin nan ba su haɗu ba, ba za mu bar ta a ɗakin Ubangiji mutane su riƙa nunawa duk Lahadi ba. Akwai mai walda a Kachia da ya ce sati biyu zai kawo mana ta ƙarfe. Rabin dattawa sun yarda. Ni nake hana su."

Ban gaya wa Bitrus zancen mai walda ba. Na ɗora gwangwala a kan ƙyaure na biyu. Jeri na farko da na biyu daidai. Na uku ya sauka da kaurin tsinke. Na huɗu, wanda ya riga ya yanka, ya sauka da ƙwayar dawa. Wannan ba abin da zan iya yi masa. Sauran takwas ɗin kuwa tsaga ce kawai, ba a yanka ba. Na fasa kwalba, na zaɓi gutsattsarin da bakinsu ya miƙe, na riƙa kankare fuskar katakon a hankali ina bin zaren itace, har tsagar ta ɓace. Ba a kankare wuri ɗaya, sai an bi faɗin duka, in ba haka ba katako zai yi kwari. Kwana biyar na yi. Yatsuna huɗu suka sha tsumma. Bitrus yana zaune a gefe yana wasa wuƙaƙensa, in na ce na gama wani wuri ya shafa ya ce, "Da saura."

Ban sake taɓa takardar ba. Daga tsagar gwangwala na ɗauki tsakiyar kowane tauraro, na zana shi kai tsaye a katako da ƙusa da zare, kamar ranar da Baba Audu ya gwada ni. Jeri na biyar na ɗan matse shi don ya cinye abin da na huɗu ya ci, na shida ya zauna daidai kan tsagarsa. Sau uku nake ɗora gwangwala a kowane jeri kafin in ɗauki basilla. Tauraro na huɗu, Bitrus ya ɗan faɗaɗa ramukansa na sama don ido ya ga kamar ya hau.

Ya gama saura kwana huɗu godiyar kaka. Ranar Asabar da safe kafinta ya kafa ƙyamaren biyu. Matan zumuntar coci suna sharar fili, suka ajiye tsintsiya. Aka ja na dama, aka ja na hagu. Dattawa suka ja da baya suna kallo daga sama zuwa ƙasa. Dattijon da ya fi son ƙofar ƙarfe ya matso har hancinsa ya kusa taɓa katako, ya koma baya. Dattijo Yakubu ya ce, "Sun haɗu."

Da mun tsaya a nan, da mun koma gida ba wanda ya tabbatar da komai. Sai Bitrus ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya miƙo min hannu a gaban kowa ya ce, "Maman Ladi, kai ni."

Na kai shi. Aka kawo benci ya hau, ya ɗora yatsu a inda ƙyamaren suka haɗu, ya fara saukowa. A tauraro na huɗu ya tsaya.

"Yakubu, zo ka taɓa nan."

Dattijo Yakubu ya taɓa. "Ban ji komai ba."

"Hannunka na riƙe fartanya ne. Akwai. Nan hannuna ya kauce. Gara ku sani kafin ku karɓa."

Na buɗe baki, ya matse min hannu. Ban gyara maganar a ranar ba, bari in gyara ta yanzu: hannunsa bai kauce ba, tsagar da na yi masa ya bi.

Dattijo Yakubu ya dube shi a fuska ya daɗe. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin ku zo min da maganar."

"Da ka faɗa, da ba mu ba ka ba."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Dattijo Yakubu ya share fuska da hularsa, ya juya wajen kafinta ya ce ya sa sakata, ƙofa ta zauna.

Labari ya riga mu isa Kafanchan. Daga ranar ba wanda ya sake kawo mana katako. Mutane sun yaba ƙofar, wasu har ƙauyen suka je kallo, amma ba mai ba makaho katakonsa mai tsada. Bitrus ya san haka za a yi tun kafin ya cire tabarau. Damina biyu ya ƙara, ina tsaga masa ƙananan abubuwa, marfin akwati, allon sa hoto, yana yanka yana rabar wa mutane. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi sati uku, ya tafi.

A ƙauyen aka yi jana'iza. Sai da aka buɗe ƙyamaren biyu kafin akwatin gawar ya shiga. Bayan sujada aka fito da shi, jama'a suka bi shi da waƙa zuwa bayan tsohuwar coci. Mai kula da coci ya zo zai rufe ƙofa, na ce ya bari, ni zan rufe. Na ja na dama, na ja na hagu. Na miƙa hannu na sa yatsa a tauraro na huɗu. Yana nan yadda ya ce, ƙwayar dawa ɗaya. Sannan na bi su.